Ɗanyen Tulu

Maginiya na tsugune a bakin famfo da tsohon buroshin haƙori a hannu, tana dirzar ƙarƙashin farcenta, sai ta ji an turo ƙyauren gida ba tare da an ƙwanƙwasa ba. Mutum ɗaya ce a duniya take shigo mata haka. Kafin ta miƙe har ƙamshin turaren ya riga mai shi isowa tsakar gida.

"Sannu da zuwa, Anti."

"Yawwa, sannu uwar taɓo." Anti, yayar mijinta, ta tsaya tana ɗage bakin rigarta, alhali simintin a share yake tas. "Ana wankin hannun? Gara dai. Mama ta ce in tuna miki, ranar Asabar manyan mutane za su zo. Shekara talatin da biyar tana aikin jinya, ranar da za a yi mata liyafar ajiye aiki kada surukarta ta miƙa wa likitoci hannu da laka a farce."

"Kwana uku ke nan ban taɓa yumɓu ba, Anti."

"To Allah ya sa ki ɗore har kwana dubu."

Injiniya, mijin Maginiya, yana falo yana jin su. Ya fito riƙe da waya, yana murmushin nan nasa na mai son a zauna lafiya ko ta halin ƙaƙa.

"Haba Anti, daga zuwa?"

"Daga zuwa mana. Kai Auta, gaskiya ce ba ka so. An ƙara maka girma a ofis, matan abokanka wannan lauya, wannan malamar jami'a, kai in an tambaye ka me taka take yi sai ka ce me? Wasan ƙasa? Irin wannan hobi na ɗebe kewa ai na 'yan mata ne, in an yi aure sai a ajiye. Ni ban taɓa ganin abu ɗaya da ta yi wanda za a iya ajiyewa a falon mutane ba, daga kofuna sai kwanuka, kamar za a buɗe gidan abinci."

"Ba ki ga aikinta ba ne."

"To nuna min."

Ya juya ya dubi matarsa. Ta ɗan girgiza masa kai, domin ita ba ta nuna wa kowa aikin da bai kammala ba. Anti ta kwashe da dariya, ta ce ai dama ta sani, ta ajiye katin gayyata a kan taga ta fice. Injiniya ya tsaya yana kallon ƙyauren.

Wannan suna na Maginiya kakarta ce ta laƙaba mata tun tana 'yar shekara shida. Ita tsohuwar, ginin tukwane take yi, yarinyar kuma ba ta da aiki sai satar yumɓu tana ɓuya bayan ɗaki tana murza 'yan ƙananan kwanuka. An yi dukan, an yi faɗan, an ɓoye yumɓun, duk a banza. A makaranta in an rasa ta a aji, to a duba inda ruwa ya kwanta. Ta girma, ta yi karatunta, ta dawo ta ci gaba daga inda kakar ta tsaya. Ba wai ta rasa abin yi ba ne. Ita dai in hannunta bai riƙe wani abu yana siffanta shi ba, ji take kamar ba ta gama farkawa daga barci ba.

A wata 'yar rumfa da take baje kofunanta suka haɗu da Injiniya. Kowane sati sai ya zo ya ɗauki kofi ɗaya, har ta tambaye shi ko shayi yake sayarwa. Ranar da ya ce yana son aurenta, abu ɗaya ta roƙa, kada a raba ta da aikinta. Ya ce ko a ɗaki biyu suka zauna, ɗaya nata ne da yumɓunta. Ya kuwa cika alkawari. Ya ba ta ɗakin baya, ya sa an buga mata kantoci, ya sa an gina mata tanderun gasa tukwane a bayan gida.

Amma fa in za a faɗi gaskiya, a shekara uku na aurensu bawan Allahn nan bai taɓa zama minti goma a ɗakin ba. Iyakarsa bakin ƙofa, da takalmin ofis a ƙafa, ya leƙa ya ce, "Gwanata, ya yi kyau," idonsa rabi a kan waya. Yana son ta, wannan ba shakka. Yana alfahari da ita. Sai dai da za a tsare shi a ce ya faɗi yadda ake yin kofin da yake shan shayi a ciki, da sai dai ya yi murmushi.

A kusurwar ɗakin, ƙarƙashin wani tsohon zanen gado, akwai tulu. Ba ta taɓa gina mai girmansa ba, tsayinsa ya kai mata ƙugu. Wata huɗu ta yi a kansa. Kullum sai ta ɗora zobe biyu ko uku na yumɓu ta bari ya ɗan sha iska, don in ta yi gaggawa nauyin sama zai danne na ƙasa. Da ginin ya ƙare ta shafe shi da jar ƙasa, ta zauna da wata 'yar tsakuwa mai santsi da ta gada wurin kakarta, tana goge shi gaba da baya har yatsunta suka yi kanta. Ya fito yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Yanzu bushewa yake yi a hankali a inuwa, saura sati biyu ya shiga wuta. Duk wanda bai san aikin ba, in ya gan shi, zai rantse an gama.

Ranar Asabar Injiniya ya fita da sassafe, ya ce zai je ya taya jera kujeru, ita ta taho da rana. Ta ji motsinsa a bayan gida, ta ji ya daɗe yana buɗe bayan mota yana rufewa, ba ta kawo komai a ranta ba. Ɗakin aikin kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, don ta san halinta, in ta shiga sai ta taɓa wani abu.

Ta isa gidan Mama an riga an fara. Falon ya cika maƙil da likitoci da ma'aikatan jinya da 'yan uwa, an shimfiɗa sabon kafet fari wanda 'ya'yan suka saya don ranar. Mama na tsaye da takarda a hannu tana jawabin godiya. Maginiya ta lallaɓa ta gefe tana neman inda za ta zauna, sai idonta ya sauka a tsakiyar falon.

Tulunta ne. An ɗora shi a kan wani gajeren teburi, an cika bakinsa da furanni masu dogayen kara. Mutane sai ɗaukar hotonsa suke yi.

Da farko ba ta ma gane abin da take gani ba. Sai ta lura cikinsa daga ƙasa ya yi duhu, duhun kuma ya hauro har rabi, sheƙin ya dushe. Ta kama hannun Anti da ke kusa.

"Anti, ruwa aka zuba a ciki?"

"To da me za a zuba wa furanni, kalanzir? Bokiti biyu ya sha. Kai, yau kam kin ba ni mamaki. Da Auta ya ce ke kika aiko wa Mama kyauta, cewa na yi ƙarya yake, saye ya yi."

"Tun yaushe?"

"Me?"

"Ruwan. Tun yaushe aka zuba?"

"Ba a daɗe ba. Ke zauna mana, Mama na magana."

"Ɗanye ne, Anti, ba a gasa shi ba. A fitar da shi yanzu, don Allah a..."

Ta yunƙura za ta ratsa mutane, Anti ta riƙo mayafinta tana yi mata raɗa da faɗa-faɗa wai ba ta da tarbiyya ne. Ta hango mijinta a ɗaya ɓangaren, yana washe baki yana ɗaga mata babban yatsa. Tana ƙoƙarin yi masa alama ke nan gindin tulun ya saki. Ko ƙara bai yi ba. Zama kawai ya yi a hankali kamar wanda ya gaji, cikin ya buɗe, jan ruwa ya kwararo daga teburin ya malale farin kafet, ya bi ƙarƙashin kujeru, ya jiƙa takalman baƙi da bakin rigar Mama. Furannin suka zube cikin taɓo. Mata suka miƙe suna tattare tufafi, wani yaro ya fashe da dariya, uwarsa ta toshe masa baki.

Mama ba mai hayaniya ba ce. Ta ninke takardarta, ta ba baƙi haƙuri, ta sa aka mayar da kujeru waje, aka ƙarasa taron a tsakar gida. Sai da baƙon ƙarshe ya tafi ta kira su falo, inda taɓon yake kwance har lokacin.

"Ke kika aiko min da wannan?"

Maginiya ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Shi ne ya ɗauka, shi ne ya ce ita ta aiko, kalma uku za su wanke ta. Ya buɗe baki, ya kalli fuskar uwarsa, ya kalli Anti, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ta jira. Bai ɗago ba.

"Aikina ne, Mama," ta ce. "Ku yi haƙuri."

"Da gangan ta yi," in ji Anti. "Wallahi da gangan ta yi, don na faɗa mata gaskiya rannan. Mai sana'a ba ta san abin da zai riƙe ruwa da wanda ba zai riƙe ba? Ta so ta kunyata mu ne a gaban mutane, ta kuwa yi."

"Ya isa." Mama ta ɗaga hannu. "Ni ban ce da gangan ba ne. Amma ko ganganci ne ko rashin iyawa, na gaji da wannan ƙazanta a gidan ɗana. Shekara uku ina kawar da kai. Auta, gobe ka kulle ɗakin nan ka kawo min makullin. In kuma ita ta ga ba za ta iya zama ba sai da laka, to ƙofa a buɗe take, ban riƙe kowa ba."

Suka kama hanyar gida a mota. Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba.

"Gwanata, sori. Wallahi so na yi in rufe musu baki. Na ga ya yi kyau, na ce bari su gani da idonsu, su san wace ce matata. Na zaci kin gama."

"Da ka tambaye ni."

"So na yi ya zame miki sofrayis."

"Ya kuwa zama." Ta juyo ta fuskance shi. "Ka san yadda ake gane gasasshe? Ɗan ƙwanƙwasa shi za ka yi da farce. In ya ga wuta zai amsa da ƙara, in ɗanye ne ba zai ce komai ba. Yaron da ya kwana biyu a gidan maginiya ya san wannan. Kai shekara uku kana kwana ɗaki ɗaya da ni. Tulun ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba, wata huɗu ne na rayuwata. Amma abin da ya fi ƙona min rai, ashe duk 'ya yi kyau' ɗin nan da kake cewa, ba ka taɓa dubawa ba. Sannan aka tambaye ni a gabanka, ka tsaya kana ƙirga igiyar takalmi."

"Ran Mama a ɓace yake. Kin san hawan jininta. Bari ƙura ta lafa, zan je in yi mata bayani."

"Yaushe?"

"Kwanan nan."

"To ka ji. Ni ba zan faɗa mata ba, ko da shekara za a yi. Ba ni na ɗauka ba, ba ni zan kai maganar ba. Bakinka nake jira."

Washegari ya kulle ɗakin da hannunsa, yana rantse mata cewa na sati ɗaya ne. Sati ya zama biyu, biyu suka zama wata. Kullum da dalilinsa. Yau Mama ba ta jin daɗi, gobe Anti na gidan, jibi mitin ya riƙe shi. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Shi ne auta, tun yana yaro bai taɓa yin laifin da aka ce nasa ne ba, ko ya fasa kofi sai a ce wa ya ajiye a hanyarsa. Ga shi yanzu da gemu, bai san yadda ake buɗe baki a ce ni ne ba. Sai ya koma sayo mata abubuwa, yau turare, gobe takalmi, tana karɓa tana godiya tana ajiyewa a leda yadda suka zo.

Maginiya ba ta yi yaji ba, ba ta fasa girki ba, ba ta ɗaga masa murya ba. Amma gidan ya mutu. Da safe in ya fita, sai ta gama aikin gida cikin awa ɗaya, ta zauna hannuwanta a kan cinya tana kallonsu. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta jera kwanuka ta sake jerawa. Wani lokaci sai ta tsinci kanta a tsaye a ƙofar ɗakin baya, goshinta jingine da katako, tana shaƙar ƙamshin ƙasa ta ramin makulli. Abinci ya daina shiga mata. Farcen da ake ƙorafin laka a cikinsu suka yi fari tas, ita kuma ta bi su da haƙori ta cinye har nama.

Yayarta ta kira ta a waya, da ta ji labarin ta hau faɗa.

"Ke wace irin sakarya ce? Ki tashi ki je ki faɗa wa tsohuwar nan ɗanta ne ya yi. Ko ni in je? In ba haka ba ki haɗa kayanki ki taho gida, ɗakin Kaka na nan, ki yi gininki har ki gaji."

"Yaya, in na faɗa, na samu makulli. To sai me? In dawo in zauna da mutumin da sai da na tona masa asiri a gaban uwarsa? Ni ba makulli kaɗai nake so ba. So nake in san ko akwai miji a gidan nan."

"In kuma babu fa?"

"In babu, za ki gan ni."

Wata safiya, sati na bakwai, suna karyawa. Injiniya na duba waya kamar kullum, ya miƙa hannu zai ɗauki suga, sai ya tsaya. A gefen faranti, a jere, ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa guda shida. Tsokar burodi ce. Ta murza ta da yatsu ta mayar da ita 'yan kwanuka, kowanne bai fi kan yatsa ba, kowanne da bakinsa da gindinsa, ɗaya har da mariƙi. Ita ba ta ma san tana yi ba. Idonta na kan bango, yatsunta na murza na bakwai, shayinta ya huce ba ta taɓa ba.

Ya ajiye wayar. Ya daɗe yana kallon yatsun nan suna aiki su kaɗai. Da ta farga yana kallo sai ta yi sauri ta tattara su ta dunƙule a tafin hannu, kamar wadda aka kama da sata.

"Yi haƙuri," ta ce. "Ɓarnar abinci nake yi."

Wannan haƙurin da ta ba shi ya fi masa zagi ciwo. Ya tashi ya shiga banɗaki ya sakar wa kansa ruwa, ya daɗe bai fito ba. Ranar ya je ofis bai tsinana komai ba.

Ranar Lahadi suka je gaishe da Mama kamar yadda suka saba. Anti na can. Maginiya ta russuna ta gaishe su, tana miƙa wa Mama ruwa sai Anti ta cafko hannunta ta ɗaga.

"Mama, kalli nan. Yanzu kika zama matar injiniya. Ba ga shi ba, kin mutu ne?"

Mama ta karɓi hannun, da niyyar yabawa. Amma wadda ta yi shekara talatin da biyar tana riƙe hannun marasa lafiya ba ta kallon hannu kamar sauran mutane. Ta juya shi, ta ga farcen da aka ci har ya yi jini. Ta zagaye wuyan hannun da yatsu biyu, suka haɗu har da saura. Ta janyo ta kusa, ta ja fatar ƙasan idonta ta duba.

"Ke, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Mama."

"Ƙarya kike yi. Me yake damun ki? Auta, me ka yi wa 'yar mutane?"

Maginiya ta sunkuyar da kai. Ba ta ko kalli inda yake ba, ta gaji da kallon. Sai ta ji motsi, ta ga ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa a gaban uwarsa.

"Mama, ni ne," ya ce. "Tulun nan ba ita ta aiko ba. Ba ta ma san na ɗauka ba. Ni na shiga ɗakinta na sace shi da safe, na zo na ce muku kyautarta ce. Ba ta gama shi ba, ba a gasa ba, ni kuma ban san bambancin ba. Da ta shigo ta gani ta yi ƙoƙarin a fitar, Anti ta riƙe ta. Kika tambaye ta a gabana na yi shiru, saboda tsoron ki nake ji. Sati bakwai tana ɗauke da laifina, ko sau ɗaya ba ta ce za ta faɗa ba."

Anti ta buɗe baki.

"To ai ko ma dai..."

"Rufe min baki." Mama ba ta ko juya ba, idonta na kan ɗanta. "Kai yanzu kana zaune, na ci mutuncin yarinyar nan, na ce mata ƙofa a buɗe take, kana ji? Ka kawo min makulli da hannunka, ka koma ka ci abincin da ta dafa? Ni na haife ka kuwa? Kafet ɗin banza, da ka ce kai ne, iyaka in zage ka in huce kafin la'asar. Ka sa na ɗauki alhakin baiwar Allah a banza."

Ya kifa kai yana kuka kamar ƙaramin yaro, babu wanda ya rarrashe shi. Mama ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da makullin, ta kama hannun surukarta ta saka mata a ciki ta rufe da nata.

"'Yata, ki yafe min. Na yi hukunci ban bincika ba. Har yanzu ba na son laka, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ga abin da rashinta ya yi miki. Taɓon nan ma yana bayan gida. Na sa an kwashe a bokiti, kullum sai in ce a zubar, sai in manta."

Maginiya ta miƙe ta nufi inda taɓon yake, suka biyo ta. Ga shi nan a bokitin fenti guda biyu, ya bushe ya yi gunduwa-gunduwa, da busassun furanni da zaren kafet a jiki. Ta tsuguna ta ɗauki dunƙule ɗaya ta murƙushe a hannu, ta kai hanci. Sai a lokacin kukan ya zo mata.

"Zai yi wani amfani?" Mama ta tambaya.

"Zai yi, Mama. Tunda bai ga wuta ba, jiƙa shi za a yi, a tace, a tattake."

"Wa yake tattakewa?"

"Ni."

"Daga yau ga mai tattakewa nan. Kai, ɗauki bokitan ka kai mota."

Haka kuwa aka yi. Injiniya ya naɗe ƙafar wando ya shiga yumɓu, ranar farko ya zame ya zauna a ciki daɓas. Ya koyi tace ƙasa, ya koyi murza zobe, ya koyi cewa akwai ranar da ba a taɓa tulu ko da hannu na ƙaiƙayi. In ya taso daga ofis sai ya cire takalmi a ƙofa ya shiga ya zauna a kan bokiti, yana tambaya har ta ce ya ishe ta. Ta ba shi tsakuwar ya goge gefe ɗaya, kwana uku yana yi, yatsunsa suka yi bororo. Anti ba ta ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne, amma ta koyi ƙwanƙwasa ƙofa.

Bayan wata huɗu da rabi suka saka sabon tulun a tanderu. Shi ya yi ta ɗawainiyar wuta tun safe. Suka bar shi kwana biyu ya huce. Da hantsi suka buɗe, ya zura hannu yana ɗoki, suka fito da shi tare suka ajiye a ƙasa. Ja ne, kyakkyawa, ya fi na farko. Sai da ya zagaya bayansa ya ga tsagar, tun daga wuya har gindi, wadda za a iya zura farce a ciki.

Ya durƙusa ya bi tsagar da yatsa. Ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun cika.

"Me muka yi ba daidai ba? Wutar ce? Ni ne na yi sauri?"

"Ba kowa. A cikin goma, uku sukan tsage. Haka aikin yake."

"Wata huɗu fa, Gwanata." Hawayen suka zubo. "Wata huɗu da rabi. Gefen nan ni na goge shi."

Ta tsaya tana kallon mijinta, babban injiniya, durƙushe cikin toka yana kukan tulu, sai ta ji wani sanyi ya sauka a zuciyarta wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar aurensu. Ta zauna kusa da shi ta share masa fuska da bayan hannu, ta bar masa baƙin gawayi a kumatu.

"Yanzu ka san abin da ka ɗauka rannan," ta ce. "Tashi. Akwai sauran yumɓu a jiƙe."

Da Maginiya ta yi gaggawa ta wanke kanta da bakinta, da ta samu ɗakinta tun a makon farko, amma da ta rasa wannan ranar. Haƙurinta ya ci mata jiki, ya kuma dawo mata da aikinta da mutuncinta da mijinta gaba ɗaya. Wanda kuma yake cewa yana son mutum, to ya daure ya cire takalmi ya shiga ya ga abin da mutumin nan yake ƙaunar yi, domin son da bai san abin da yake riƙe da shi ba yakan yi ɓarnar da ƙiyayya ba ta yi ba. In kuma ɓarnar ta auku, ya buɗe baki ya ce ni ne tun a ranar, kada ya bari wanda yake so ya ɗaukar masa.